Tagar da Ke Bayan Yayana

Yayana ya shekara ashirin da biyu yana gadin abin da ido ba ya gani. In na faɗi haka sai mutane su ɗauka mai duba ne. To ba shi ba ne. Injiniya ne, irin masu hawa rufin gini su kafa na'ura a nan, su kafa 'yar'uwarta a can, saƙo ya riƙa tsallakawa tsakaninsu a cikin haske. A layinmu Na-Sama ake ce masa, domin duk wanda ya zo nemansa amsa ɗaya yake samu daga matarsa: yana sama. Ni dai Yaya nake ce masa. In raina ya ɓaci in ce Injiniya, shi ma ya san bambancin.

Babanmu gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago a ƙarƙashin matakala, wanda in ka miƙe tsaye kanka zai gaisa da siminti. Yaya ya gaji hannunsa, ya kuma gaji ciwonsa. Ciwon shi ne ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. In ya je gidan mutane ƙofa ta yi ƙara, sai ya gyara ta sannan ya amsa gaisuwa. Ranar da aka yi rasuwar Baba, ana zaune ana karɓar ta'aziyya aka neme shi aka rasa. A ɗakin baya na same shi, ya sauke fanka ya baje ta a ƙasa, yana kuka yana ɗaure kusa. Na ce masa, "Injiniya, ubanka ne ya mutu, ba fanka ba." Ya ce, "Rawa take yi, za ta faɗo wa wani." Haka yake tun yana yaro, hannunsa ya fi bakinsa sauri.

Aikin ya ci masa rabin idon hagu tun yana sabon shiga. Ya ɗauki madubin hangen nesa ya leƙa na'ura tana kunne, hasken da ba a gani ya bar masa baƙin ɗigo a tsakiyar ido. Tun daga nan in zai kalle ka sai ya karkace kai kamar kaza ta hango shaho. Muna yi masa tsiya da haka, yana dariya. Amma bai ƙara wasa da haske ba, kuma bai yarda wani ya yi ba.

Babban aikin rayuwarsa shi ne na kotu. Tsakanin kotun da gidan ajiyar bayananta akwai kogi, akwai layin dogo, tazarar ta ɗan fi kilomita ɗaya. Sau biyu ana binne waya, sau biyu masu haƙan titi suna tsinke ta. Da aka gaji sai aka kira Yaya. Ya kafa akwati ɗaya a rufin kotu, ɗaya a rufin gidan ajiya, kowanne da gilashi a gaba mai faɗin faranti, suna kallon juna. In alƙali yana son fayil, akawu ta danna, fayil ya taso daga can ya sauka nan kafin ka ƙifta ido. Shekara goma sha biyu abin yana tafiya.

Ina ganin komai, domin shagona na kwafin takardu yana fuskantar ƙofar kotun. Ƙarfe bakwai na safe Yaya zai wuce da jakarsa, ya ɗaga mini hannu, ya hau hawa biyar da ƙafa. Shi kaɗai ke da makullin ƙofar rufi. Zai goge gilashi da wani ƙyalle da ko matarsa ba ta isa ta wanke masa ba, ya duba ma'aunin da ke nuna ƙarfin hasken da ya iso, ya rubuta lambar a littafi, ya sa hannu. Ko zazzaɓi yake yi sai ya hau.

Yana da huɗuba guda da kowa a kotun ya haddace, daga masinja har magatakarda. "Waya ana iya tono ta a manna mata wata," in ji shi. "Rediyo kuwa duk mai eriya ya kama. Amma haske zare ɗaya ne. Wanda zai sata sai ya tsaya a tsakiya, hawa biyar a cikin iska. In ma ya tsaya, ya tare mini wani abu, ma'aunina zai sauka in gani." Da mai kula da kwamfutocin kotu ya so a sa wa saƙonnin makullin sirri, tsofaffin injinansu suka riƙa jan ƙafa, fayil ɗaya sai a yi minti goma ana jira. Yaya ya rubuta takarda ya ce ba dole ba ne, hasken ya isa. Magatakarda, wanda dama neman mafita yake yi, ya karɓa hannu bibbiyu.

Abin da huɗubar ba ta faɗa ba, kuma Yaya ya san shi sarai, shi ne hasken yana buɗewa a hanya. Yana fita siriri, amma kafin ya iso kotu ya kai faɗin ƙofar ɗaki. Gilashi ya kama na faranti guda, sauran ya wuce ta gefe ya ci gaba da tafiya. Masu wannan sana'a sukan kafa baƙin allo a bayan akwatin don ya tare abin da ya wuce. Lokacin da Yaya ya yi aikin, babu komai a bayan kotu sai filin da manyan motoci ke kwana, sai sararin Allah. Ya duba ya ce tsuntsaye ba sa karanta fayil. Bai kafa allon ba.

A nan ne zan kawo Maman 'Yan Biyu, domin labarin nata ne kamar yadda yake nasa. Akawu ce a ofishin magatakarda, ita ke buga sammaci da kiran fayil. Mijinta ya rasu yaran suna goye, mace da namiji, mahaifiyarta ke riƙe su in ta fito aiki. Injin kwafin ofishinsu kullum a mace yake, saboda haka kusan kowace rana tana shagona. Ba mai yawan magana ba ce, amma in ta yi guda ɗaya sai ka yini kana dariya. Ita ta ce Yaya in ya mutu a binne shi a rufi, don in aka sa shi a ƙasa ba zai gane hanya ba. Tana ce masa Baban Sama, yana ce mata Shugaba.

Sai aka sayar da filin motocin. Aka fara gini. Ina zaune a shago na ga hawa ɗaya ya zama uku, uku ya zama takwas, aka yi fenti, aka sa tagogi, masu haya suka shiga. Kowa ya gani. Yaya ne kawai bai gani ba, duk da kullum yana rufin da ya fi ko'ina kusa da ginin. Na daɗe ina tunanin yadda aka yi haka, kuma amsar ba ta da wuya. Ƙofar rufin tana buɗewa ne ta fuskar kogi. Ma'aunin yana bayan akwati, mai karanta shi dole ya fuskanci inda hasken ke fitowa. Shekara goma sha biyu yana ba wa wancan gefen baya, har ya manta cewa duniya ta ci gaba a bayan ƙeyarsa.

A shekarar ne kuma zafi ya yi tsanani. Da rana ta take, ƙarfen da ke riƙe da akwatin gidan ajiya sai ya ɗan lanƙwashe, abin da bai kai kaurin gashi ba, amma a nisan kilomita ya isa hasken ya kauce wa gilashi. Ana tsakiyar shari'a fayil ya tsaya. Alƙalai suka fara faɗa, magatakarda ya fara kiran Yaya a gaban mutane yana tambayarsa ko tsufa ya kama shi. Ya nemi a sayo na'urar da ke bin haske da kanta, aka ce ya jira baɗi. Wata ranar Laraba ya hau rufin gidan ajiya ya murɗa zoben gilashi sau biyu. Hasken da ke isowa da faɗin ƙofa ya koma faɗin ɗaki guda. Ƙarfe ya lanƙwashe yadda ya ga dama, saƙo bai ƙara yankewa ba, kowa ya ce Na-Sama gwani ne. Bai rubuta wannan a littafi ba, domin ya san aikin ragwanci ne, kuma ya yi niyyar mayarwa da zarar zafi ya sauka. Zafi ya sauka, aka shiga wani abin, wata takwas suka wuce.

Ana wata babbar shari'a a lokacin, ta wasu masu safarar miyagun ƙwayoyi. Mai shaidar da ake taƙama da shi wani direba ne da ya taɓa yi musu aiki. An ɓoye shi da iyalinsa a wani gida, adireshin yana cikin fayil a gidan ajiya. Kwana biyu kafin ya bayyana a kotu, magatakarda ya sa Maman 'Yan Biyu ta kira fayil ɗin don ta buga takardar 'yan sandan da za su rako shi. Ta kira, ta buga, ta miƙa. Washegari da hantsi aka harbe direban a bakin famfo, yana riƙe da bokiti, 'yarsa tana tsaye a ƙofa.

Mutum uku suka ga adireshin: alƙali, magatakarda, da akawu. Ba sai an yi karatu mai zurfi ba kafin a san wanda za a fara kallo. Masu bincike suka riƙa kiranta suna sallamarta. Ta ci gaba da zuwa aiki, amma ta daina ba'a. Ta shigo shagona wata safiya ta tsaya tana kallon injin yana aman takarda, ta ce, "'Yar'uwa, ko mahaifiyata ban faɗa wa ba. Wallahi ko lambar gidan ban riƙe ba." Na ce mata gaskiya ba ta neman ado, ta kwantar da hankalinta. Da na san abin da ke tafe da ban yi mata wannan wa'azin banza ba.

Kwana goma da kisan, Yaya yana rufin kotu yana rubuta lambarsa, iska ta fizge ƙyallen gilashin nan nasa ta yi baya da shi. Ya juya zai ɗauka. Ya ce mini daga baya sai ya ji kamar an buɗe ƙofa yana wanka. Ga gini a gabansa, tagogi jere, ɗaya daga cikinsu tana daidai da kafaɗarsa.

Yana da wani ɗan kati a aljihu wanda in hasken nan ya taɓa shi yakan yi ja. Ya sauka, ya zagaya, ya samu mai kula da ginin ya ce ɗaki yake nema. Aka kai shi hawa na shida, aka ce ga wannan, kwana tara ke nan da mai shi ya tashi, wani mutum ne mai ɗaukar hoton tsuntsaye, ba ya son hayaniya. Ɗakin fayau, ko tsinke babu. A ƙasa kusa da taga akwai tabo uku inda ƙafafun wani abu suka daɗe a tsaye. Yaya ya ɗaga katin ya manna a gilashi. Katin ya yi jawur.

Ma'auninsa bai taɓa sauka ba, kuma babu dalilin da zai sauka. Mutumin bai tsaya a tsakiya ba, bai tare komai ba. Ya zauna a baya ne yana kwasar abin da ya zube.

Yanzu ku tambayi kanku abin da mai hankali zai yi. Zai kulle ɗakin ya kira masu bincike, ya ce ku zo ku gani da idonku. Zai ɗauki hoto. Ko mai kula da ginin zai kira ya ce dubi katin nan. Yaya bai yi ko ɗaya ba. Abin da ya cika masa kai shi ne a wannan daƙiƙar fayil ɗin wani yana zuba a tagar nan, kuma shi ya buɗe. Ya fita a guje, ya tsallaka kogi, ya hau rufin gidan ajiya ya murɗa zoben ya mayar da shi inda yake. Ya biya wajen masu walda ya sa aka yanka masa allon ƙarfe, ya shafa baƙin fenti da hannunsa, ya hau da shi rufin kotu ya ɗaure. Kafin la'asar ya gama, aiki mai kyau, babu ko ɗigon haske da ke wucewa.

Sannan ya shigo shagona, hannu duk fenti da yanka, ya zauna a kan kwalin takarda ya ba ni labari.

"Wa ya gani?" na ce.

"Ni."

"Bayan kai."

Ya karkace kai ya kalle ni da idon mai kyau. Sai a lokacin abin ya iso masa.

"Injiniya, ka san abin da ka yi? Ɓarawo ya shiga, ka bi sawunsa da tsintsiya."

"Ba zan iya barinsa a buɗe ba," ya ce. "Ko na minti ɗaya."

"Wata takwas ka bar shi a buɗe!"

Ni ma a nan nawa laifin ya fara, kuma ba zan ɓoye shi ba, tunda laifi tudu ne, na gaji da taka nawa ina hango na Yaya. Da fushina ya sauka sai tsoro ya hau. Na tuna matarsa da 'ya'yansa huɗu, na tuna an kashe mutum, na tuna takardar da ya rubuta da hannunsa. Na ce masa ya yi shiru tukuna. Na ce ba su da hujja a kan Maman 'Yan Biyu, za su gaji su ƙyale ta, ka riga ka toshe, me ya rage? Ya saurare ni, domin abin da yake son ji ke nan. Kwana uku muka yi a haka, yana wucewa da safe ba ya ɗaga mini hannu.

A rana ta huɗu aka fito da ita ta babbar ƙofa da ankwa a hannu. An gano wani ɗan ƙanen mijinta ya taɓa zama a layi ɗaya da ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma. Shi ke nan hujjar, sai sunanta da ke kan kiran fayil. Tana wucewa ta kalli shagona.

Yaya bai nemi shawarata ba a wannan karon. Ya shiga ofishin magatakarda ya faɗi komai, ya wuce wajen masu bincike ya maimaita, ya rubuta ya sa hannu. Ya ce shi ya buɗe hasken, shi ya ƙi kafa allo, shi ya hana a sa makulli, a saki matar nan a kama shi. Na yi zaton shi ke nan an gama da mu. Na fara tunanin yadda zan ɗauki nauyin gidansa.

Aka kawo wani injiniya daga waje ya duba. Ya hau rufi ya auna, ya ce hasken siriri ne yadda ya kamata. Ya ƙwanƙwasa allon ya ce da kyau. Suka je hawa na shida, an riga an goge ƙasa an yi sabon fenti, wata mai ɗinki ta shiga da kekunanta. Baƙon injiniyan ya manna kati a taga, kati bai ce uffan ba. Yaya ya ce a ba shi rabin awa ya cire allon ya buɗe zoben su gani.

"Ranka ya daɗe," in ji mutumin cikin ladabi, "ni ma zan iya buɗewa yanzu. Wannan zai nuna abin da zai yiwu. Ba zai nuna abin da ya faru ba. Kana da wani abu a rubuce?"

Akwai abu a rubuce. Littafinsa ne, shafi bayan shafi, wata takwas, kowace rana lamba da kalma biyu, lafiya lau, da sa hannunsa mai kyau. Babu inda aka ce an taɓa zobe. Lambobin sun ɗan ragu daga wata Laraba, amma sun saba raguwa in gilashi ya tsufa, kuma shi da kansa ya taɓa rubuta haka a wani rahoto.

Magatakarda ya kira shi gefe, ya sa aka kawo masa shayi, abin da bai taɓa yi ba. "Injiniya," ya ce, "ka san abin da kake faɗa kuwa? In maganarka gaskiya ce, duk fayil ɗin da ya sauka a ginin nan wata takwas ya bi ta tagar wani. Shari'a ɗari huɗu. Lauyoyi za su cinye mu ɗanye. Ka gaji ne. Matar nan tana ba ka tausayi, mu ma tana ba mu. Je ka huta mako biyu."

A gaban shari'a lauyanta ya kira Yaya shaida. Ina zaune a benci na uku. Ya yi bayani tiryan-tiryan. Mai gabatar da ƙara ya miƙe da takarda a hannu, ya ce ko ya gane wannan rubutu. Ya ce nasa ne. Aka karanta da ƙarfi, huɗubar nan tasa kalma da kalma, cewa ba a satar haske sai ma'auni ya nuna. Aka tambaye shi ma'auni ya nuna? Ya ce a'a. Aka tambaye shi wanne za a yarda da shi, ƙwararren da ya rubuta wannan, ko mutumin da ke tsaye yau babu hoto babu shaida? Sannan aka tambaye shi, a hankali, wane ido ne ya ga katin ya yi ja. Wasu suka yi dariya. Na miƙe zan yi magana ɗan sanda ya zaunar da ni. Mai kula da ginin da aka kira ya ce masu neman ɗaki suna da yawa, ba ya tuna fuska.

Shekara bakwai aka ba ta.

Ba a kori Yaya ba. Korarsa tamkar yarda ce da maganarsa, saboda haka aka bar shi da makullinsa da littafinsa. A watan da ya biyo baya aka sa wa saƙonnin makullin sirri ba tare da wata sanarwa ba, na'urar nan mai bin haske da aka ce sai baɗi ita ma ta iso cikin kwali. Shi aka sa ya kafa ta. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya rubuta wa kotun ɗaukaka ƙara, ya rubuta wa ƙungiyar injiniyoyi, ya rubuta wa duk wanda ke da akwatin wasiƙa. Masu kirki suka amsa da layi biyu. Matarsa ta ce mini yakan zauna gaban abinci har ya huce, famfon gidansu kuma ya fi wata yana ɗiga bai taɓa shi ba. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Sai ya dage sai ya je ya gan ta. Na ce me za ka ce mata? Ya ce bai sani ba, amma ba zai iya zama ba ta ji daga bakinsa ba. Shi ya je ya cike takardar neman ziyara, ya sa sunansa da nawa. Aka ba mu ranar Asabar ƙarfe goma. Muka isa tun tara, mu ne farkon layi.

Ɗakin ziyarar dogo ne, teburi a tsakiya da raga. Da aka shigo da ita tana leƙen bayanmu, fuskarta a sake. Da ta ga mu kaɗai ne sai ta zauna a hankali. Muka gaisa. Yaya ya fara magana, ya faro tun daga ranar da bai kafa allo ba. Ta bar shi ya kai ƙarshe.

"Na yarda da kai, Baban Sama," ta ce. "Tun a kotu na yarda. Ai na ga allon."

"Kin gan shi?"

"Ranar da ka kawo shi. Ya ƙi shiga ƙofar matakala, kana ta fama. Na taso daga teburina na riƙe maka ƙofar. Fentin ma ya ɓata mini hannun riga." Ta dube shi. "Na ce maka sannu da aiki. Ba ka ji ba."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya dafa teburin da hannu biyu.

"Ban kira ku don faɗa ba, tunda ba ni na kira ku ba," ta ce. Ta juyo gare ni. "'Yar'uwa, ba wanda ya gaya muku ƙa'idar nan? Ziyara sau ɗaya ce a wata. Duk wanda ya riga shiga, shi ke nan."

Ban gane ba sai da ta ƙara leƙa ƙofar da ke bayanmu.

"Wancan watan namijin cikin 'yan biyuna ba shi da lafiya, ba a kawo su ba," ta ce. "Don Allah kada ku sake zuwa."

Mai gadi ya ce lokaci ya yi. Muka fito cikin rana. A bakin babbar ƙofa, wajen ɗan tagar da ake duba suna, mahaifiyarta tana tsaye da leda a hannu, tana roƙon ma'aikacin ya sake dubawa. Ya juya mata littafin yana nuna mata layi da biro. 'Yan biyun suna gefe, an yi musu wanka an sa musu kaya iri ɗaya, macen tana riƙe da takardar makaranta a naɗe don kada ta yamutse.

Tsohuwar ta gane ni, ta ce, "'Yar nan, zo ki karanta mini, idona ba ya gani. Wai an riga an shiga da sunan wani. Sunan wa aka rubuta?"

Na waiwaya in kalli Yaya. Yana tsaye a inda na bar shi, bai gudu ba, bai matso ba. Na karɓi littafin, na karanta mata.